Rariyar Kawu Dogo

Gari bai gama wayewa ba, Kawu Dogo yana tsugune a bakin fangalin albasa, ya tura yatsa cikin ƙasa yana jin sanyinta. Shekara ashirin da biyu yana yi wa gonar nan aiki ɗaya: ya yafa irin albasa, ya tono ta tana ƙarama, manoma su saya su dasa. Ba ya shuka sai ƙasa ta kai yadda yatsansa ke so. Iri kuma da kauri yake zuba shi, don matsi ne ke hana albasar girma. Yana da rariyar ƙarfe. Duk wadda ta ƙi wucewa ta cikinta, ta tukunya ce, ba ta dashe ba.

A wannan shekarar ne mai gona ya damƙa wa surukinsa aikin. Da safen nan surukin ya iso, takalminsa ko ƙura babu.

"Kawu, kai kullum cunkoso kamar motar kasuwa. A rage iri, su sha iska. Kuma yau za a shuka, mu riga kowa."

"Da saura mako uku, ranka ya daɗe. In ta samu lokaci da fili, ƙiba za ta yi. Mai ƙiba kuwa in an dasa, fure take yi, ba kai ba."

"Kai da albasar taka duk kun saba da yunwa."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Kawu ya shuka yadda aka ce.

Da lokaci ya yi, aka tono albasar kamar ƙwan kaza, ko rabi bai wuce rariya ba. Surukin ya wurga rariyar bayan ɗakin ajiya, ya sa aka ɗura duka a buhu. Bayan wata biyu manoma suka dawo a fusace. Ɗaya ya jefa wa mai gona albasa a ƙafa, dogon kara da farin fure, ƙasanta ba komai.

"Wa ya shuka wannan?" in ji mai gona.

Surukin ya ce, "Kawu ne, Baba. Hannun ya fara rawa."

Kawu ya dubi mai gona, ya dubi waɗanda suka yi dariya ran nan. Kowa ya sunkuyar da kai. Aka ce ya je gida ya huta.

Ni ma ina cikin ma'aikatan nan. Ganina na ƙarshe da shi, ya zagaya bayan ɗakin ajiya ya ɗauko rariyar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya mayar da ita kan ƙusar da ya saba rataye ta, ya fita.