Ranar da Ladan Ya Shiga Daji

Duk Hausawan da ke zaune a garin Manassas, can ƙasar waje, sun san Ladan Umaru da abu biyu: ya iya aikinsa na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kuma matsoraci ne na ƙarshe. Mutumin da ko ragon layya sai ya nemo mai yanka masa, shi ya koma gefe yana latsa waya! Amma kada a yi masa dariya da yawa. Mahaifinsa, Malam Umaru, maharbi ne a ƙasar Ningi, kuma Ladan yana yaro, a kan idonsa adakar tsohon ta fashe ta tafi da yatsu biyu. Tun daga ranar ko warin albarushi ba ya son ji.

A kakar 2009 ya ɗauko tsohon daga gida don a yi masa magani. Magani ya karɓe shi, sai dai ya kashe masa baki. Babu abin da Nafisatu, matar Ladan, ba ta dafa ba. Tsoho ya leƙa kwano ya juya fuska bango. Likita ta faɗa wa Ladan ƙiri-ƙiri cewa in bai soma cin abinci ba za a dakatar da maganin, don jikinsa ba zai ɗauka ba.

Wata safiya barewa ta ratsa ta bayan gida, irin tasu mai farar wutsiya. Tsoho ya bi ta da ido ta taga.

"Da zan sami romon wannan, da na sha," in ji shi.

Ladan ya garzaya wurin Dung, abokin aikinsa ɗan Jos, wanda ke farauta duk shekara a gonar wani Bature. Dung ya ce nama na nan a firij, ya zo ya kwasa. Tsoho ya ji, ya kaɗa kai.

"Kai za ka harba da bisimilla, kuma ka sa wuƙa kafin rai ya fita. In ba haka ba, ku ci abinku."

A lokacin kuwa doka ba ta yarda a yi farauta ba sai da bindigar ɗuri kaɗai, ƙanwar adaka sak: a zuba albarushi ta baki, a tura dalma, a danna da sandar ƙarfe, harbi ɗaya shi ke nan. Ladan ya yanki lasisi. Ranar da Dung ya kai shi gwaji, yana jan kunama ya koma bayan mota ya yi amai.

Asabar da safe suka shiga daji cikin riguna ruwan lemo. Sanyi ake yi, amma gumi ya jiƙe Ladan har wando. Ko ganye ya faɗo sai gabansa ya faɗi. Rana ta ɗan ɗaga sai ga namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, ƙato, ƙahonsa rassa-rassa. Dung ya taɓa shi da gwiwar hannu. Ladan ya ɗaga bindiga. Ya tuna hannun ubansa, ya ji kamar ya jefar da ita ya arce. Ya yi bisimilla a karkarce, ya ja.

Ƙara ta toshe masa kunne, farin hayaƙi ya rufe komai. Abin da ya fara dubawa yatsunsa ne. Da hayaƙi ya washe, ga barewa can a ƙasa tana shure-shure.

Dung ya riƙe masa riga. "Tsaya, mutumina! Nan jira ake har ta mutu. Ƙahon nan yana farke cikin mutum, wallahi na gani."

"In ta mutu Baba ba zai ci ba."

"To bari in sake ɗurawa."

"Kafin ka gama ta tafi."

Ladan ya zare wuƙa ya nufe ta. Ya zagaya ta baya kamar yadda yake ganin mahauta na yi, ya kai hannu ga ƙaho. Ashe da sauran ƙarfinta! Ta fizge kai, tsinin ƙaho ya keta wando ya shige masa cinya. Ladan ya kurma ihu yana kiran uwarsa da ta daɗe a kabari. Amma bai saki ba. Ya danne wuyan da gwiwa ɗaya, Dung ya faɗa kan ƙafafun baya yana zaginsa da Hausa da Turanci. Ladan ya yi kabbara cikin kuka, ya ja wuƙa. Jini ya yi tsartuwa, mai zafi, na mai rai.

A asibitin da yake aiki aka ɗinke shi, abokan aiki na leƙowa suna tambaya wai da gaske shi ne. Har yau yana ɗan ɗingishi, kuma bai sake taɓa bindiga ba. In ka ce masa jarumi sai ya harare ka.

Da la'asar ɗin ranar Nafisatu ta ɗora haƙarƙari da citta da masoro da kanumfari, ta jefa daddawa, ta bar shi a wuta har nama ya saki ƙashi. Ladan ya ɗauki kwano da kansa, yana jan ƙafa. Tsoron da ya ji a bakin ƙofar ɗakin nan ya fi na daji, don in tsoho ya juya fuska, ba shi da wata dabara kuma.

Malam Umaru ya shinshina. Ya kai cokali baki, ya daɗe bai haɗiye ba. Can ya ɓata rai.

"Wa ya ce a cika wa naman daji ruwa haka? Kai, ku dai ba ku iya komai ba."

Ladan ya sunkuyar da kai.

"To me ka tsaya yi? Gyara mini filo in zauna. Ka ce wa Nafisatu ta kawo tuwo."