Waƙar Daka a Hawa na Uku

Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ƙarar wani ɗan turmin tagulla ne, irin wanda Misrawa suke dakan tafarnuwa a ciki. Na saye shi farkon zuwanmu Giza, a ƙarshen shekarun casa'in, don yajin kanti bai taɓa yi mini ba. Ina daka ina 'yar waƙata a hankali, sai na ji inuwar mutum a kaina. Malam ne, maigidana, biro a bayan kunne, baki a sake.

Lokacin ya gama digiri na uku, izinin zamanmu kuma na bin karatun ne, saura 'yan watanni ya ƙare. Wata jami'a ta yi shelar tallafin bincike na shekara biyu ga matasan malamai, da sharaɗin mutum ya yi nazari a kan al'adar mutanensa, ba baƙo ne zai zo ya yi musu ba. In ya samu, mun zauna da aiki a hannu. In bai samu ba, khalas, mu ɗaure kaya. Ya kwana goma yana neman abin da zai bincika, har ya rame a wuya.

Ya tambaye ni inda na koyi waƙar. Na ce a wurin kakata, kuma ban yi ƙarya ba, don amshin da yadda ake sauke taɓarya duk nata ne. Abin da kunya ta hana ni ƙarawa shi ne, baitocin kowace mace nata take sakawa. Abin da ba ki iya faɗa wa miji ido da ido, turmi kike faɗa wa. Malam a makarantar kwana ya tashi, bai taɓa tsayawa inda mata suke daka ba.

Washegari ya aro rikoda. Na daka yaji, na daka citta, na daka kanumfari, da kayan suka ƙare ya ce in daka turmin haka nan. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata dattijuwa Bamisriya, ta dinga dukan silin ɗinta da sandar tsintsiya. Malam ya leƙa ta baranda yana ta ma'alish, ban haƙurin Misrawa, ya dawo ya ce ai bugun nata ma ya shiga kiɗan, a bar shi a kaset.

Baitin da ya fi so shi ne wannan:

Mai littafi ya ɗora ruwa,
Ruwa ya tafi, buta ta bi shi,
Ya fita gari takalmi wari da wari.

Shafi shida ya rubuta a kansa. Ya karanta mini yana kai da komo a falo. Wai mai littafin wani waliyyi ne na zamanin da, ƙonewar butar alama ce ta wani fari da aka taɓa yi, takalman kuma gudun duniya. Ya ce waƙar ta girmi kakata. A rubutun ya kira ni taskar tarihi. Allah ya yafe mini, na ji daɗin sunan, na yi shiru kwana uku ina taskata.

Ranar da zai kai takardun gidan waya, na idar da walaha, na kasa tashi daga kan dadduma. Mutanen jami'ar nan za su ba da amana ne a kan maganar da na san ba haka take ba. In na faɗa kuma, saura kwana huɗu a rufe karɓa. Har ya kama ƙofa da ambulan a hammata.

"Malam, ka yi haƙuri. Baitin nan bai kai wata biyu ba. Ni na yi shi."

"To waliyyin fa?"

Na kalli baranda, inda butar shayinmu da ya ƙone take, na shuka na'ana'a a ciki. Sannan na kalli ƙafarsa. Shi ma ya sunkuya ya kalla. Takalmi ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa.

Ya zauna a kan tabarma ya daɗe. Na zata faɗa zai yi, sai ya zaro biron daga kunne ya ce in faɗa masa sauran baitocin, da wanda aka yi wa kowanne. Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Biyu na minsharinsa ne, ɗaya na abokinsa mai zuwa daidai lokacin abinci. A kwana huɗun ya sake rubutun kaf, a kan yadda matan Hausawa a baƙuwar ƙasa suke ɗora sabon zance a kan tsohon amshi. Ya rubuta cewa mai littafin yana raye, kuma shi ne mai neman tallafin.

Wasiƙar ta zo bayan babbar salla. Sun ba shi. Ya yi sujada a bakin ƙofa, ni kuma na kai wa dattijuwar ƙasa yaji cikin gwangwani. Da na hawo, 'yarmu mai shekara biyar, wadda ta ji ana ta bayani, ta ja mini gefen hijabi.

"Umma, wai Abba kansa zai yi ta karantawa har shekara biyu? To ki ɓoye sabuwar butar."