Don Melitón da Abarba Arba'in

A gyara zama, a rage muryar rediyo, mai tuya ta sauke kasko. Ga Don Melitón Zárate nan tafe, zakin masu askin unguwar Zapotal, mai almakashi biyu ɗaya ba ya yanka, gwarzon da ya taɓa aske kan wani ɗan majalisa a shekarar ambaliya, uban randuna uku, wanda kowace abarba a Tuxtepec in ta ji sunansa sai ta yi zufa. Tsawonsa bai kai na firij ba. Shekarunsa sittin da takwas, amma shi sittin da shida yake cewa, wai biyun da ya yi a Puebla ba sa ciki don bai ji daɗinsu ba.

Aski sana'arsa ce, tepache kuwa, wato tsimin ɓawon abarba, ciwonsa ne. A bayan shagon, gindin mangwaro, nan randunan suke. Ya fere abarba da wata wuƙa da ko matarsa ba ta taɓawa, ya zuba ɓawon a randa, ya jefa mazarƙwaila da sandar kirfa da kanumfari, ya cika da ruwa, ya ɗaure bakin da tsohuwar singileti. Sabulu bai taɓa shiga randunan nan ba. Daga nan sai jira. Ranar farko shiru, rana ta biyu kumfa ta taso ƙudaje su fara zarya, a ta uku kuma akwai wani ɗan lokaci, bai fi sa'a biyu ba, da zaƙi da tsami suke yin kunnen doki. A lokacin ake tacewa a sa ƙanƙara. Wanda ya yi gaggawa ruwan sukari ya samu, wanda ya makara kuma ya samu ruwan khal, sai dai ya jiƙa barkono da shi. Don Melitón ba ya duba agogo. Harshensa ne agogon.

Duk wannan kowace tsohuwa a garin ta iya. Abin da ya raba shi da sauran mutane wata doka ce da ya gada wurin mahaifiyarsa: ɓawo ba ya shiga randa sai naman abarbar ya shiga cikin mutum. Ba cikin alade ba, ba cikin firij ba. An ba shi shawara ya riƙa karɓo ɓawo wurin masu matsa ruwan abarba a kasuwa, kyauta ma suke bayarwa, ya ce shi ba ya jiƙa ɓawon da bai san asalinsa ba. An ce to a dafa naman da sukari a ajiye, ya ce wannan ba ci ba ne, ɓoyewa ce.

Saboda haka shekara da shekaru unguwar Zapotal ke cin abarba ba da son ranta ba. In aka hango shi da faranti, mata su tuna sun bar wake a wuta. Matarsa Doña Otilia ce kaɗai ta tsira, don tun shekara ashirin da biyu da suka wuce ta rantse a gaban hoton uwarta cewa ita da abarba sai a lahira, can ma in da zaɓi.

Ana nan sai tsohuwar da ke yi wa bikin waliyyi San Isidro abin sha ta koma wurin ɗanta a arewa. Shekara goma sha tara Don Melitón yana jiran wannan gurbi, yana shan nata a biki yana cewa ba laifi da murya irin ta mai ta'aziyya. Ya sa farar riga ya je gaban kwamitin biki. Shugaban kwamitin, Don Gumaro, wanda shagonsa cike yake da lemon kwalba har rufi, ya saurare shi yana sakace. Ya ce an ba shi gwaji sau ɗaya: randa uku cike, ranar Juma'ar bikin, kuma ya yi daɗi. In aka samu akasi, daga bana lemon kwalba za a riƙa sha a bikin har tashin duniya.

Randa uku a hannun Don Melitón abarba arba'in ke nan. Kuma dole a fere su rana ɗaya, ranar Talata, don su nuna tare.

Da sassafe ranar Talata motar wani manomi ta juye su a ƙofar shago. Kafin ƙurar ta kwanta layin ya zama kufai, har karnuka sun canza unguwa. Don Melitón ya tsaya yana kallon tulin, ya shiga ciki ya fito da kwali, ya rubuta da baƙin fenti cewa yau aski kyauta ne ga duk wanda ya cinye rabin abarba a gabansa.

Kyauta ba ta da maƙiyi. Kafin hantsi an yi layi. Mutum ya zauna, a ɗaura masa ƙyalle, a ɗora masa faranti a cinya, yana tauna ana aski, gashi na zuba yana hurewa. Da Don Melitón ya ga almakashi na cin lokaci sai ya koma inji, kowa tal-kwabo. Wani direban tasi ya ce shi gyaran fuska kawai ya zo, aka ce masa gyaran fuska kwata ne, amma ba a sayar da kwata. Wani mai sanƙo tun haihuwar 'yarsa ta fari ya ci rabi biyu don kawai a goga masa man ƙamshi. Fada, limamin cocin unguwar, da kansa ya leƙo ya ga me ke faruwa, ya fita kansa na ƙyalli, ruwan abarba na bin gwiwar hannunsa. Da gashin maza ya ƙare aka koma kan masu raka su.

Zuwa la'asar an ci talatin da ɗaya. Babu sauran kai mai gashi da zai yarda, babu sauran baki da ke iya rufuwa. Tara suka rage, rana tana sauka. Doña Otilia ta fito ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Tsoho, jefa wa aladen maƙwabta. Uwarka ba ta gani."

"Ba ki san ta ba," in ji shi, ya jawo kujera.

Ya ci biyar a zaune, biyu a tsaye, biyun ƙarshe kuma yana zagaya mangwaro yana hawaye. Sannan ya zuba ɓawon, ya ɗaure bakin randunan, ya kwanta a benci kamar wanda mota ta buge.

Laraba kumfa ta taso yadda ake so. Alhamis da safe ya ɗebo a cokali ya kai baki, bai ji komai ba. Ya sake, shiru. Harshen ya saluɓe ya tsattsage, ya kumbura kamar soson wanka. Ya gwada gishiri, ya gwada barkono, duk ɗaya da ruwan famfo. Ga randuna uku suna ta tsuwa, lokacin tacewa yana tafe, agogon kuma ya mutu.

Ya fita da kofi yana neman aron harshe. Duk wanda ya tarar, in yana da ƙwalƙwal to bakinsa ma a ɗaye yake. Direban tasi ya kurɓa ya ce shi dai zafi ya ji. Fada ya ce tun Talata da ƙyar yake karanta addu'a. Don Gumaro, wanda bai ci ko yanki ba, ya miƙo hannu da fara'a ya ce a kawo ya taimaka. Don Melitón ya dubi kwalaben da ke bayansa, ya rungume kofinsa ya juya.

Harshe ɗaya ya rage lafiyayye a gidan, kuma mai shi tana shanya. Ya cire hula. Ya kira ta da sunan da bai kira ta da shi ba tun suna saurayi da budurwa. Ta tuna masa rantsuwarta, ya ce ai a kan abarba ta rantse, wannan ruwan ɓawo ne. Ta ce ba ta san daɗin abin ba balle ta san ya yi, ita duk ƙazanta ce a wurinta. Ya ce abin da yake buƙata ke nan.

Ƙarfe goma ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta ce da dama-dama, ana iya haɗiyewa. Ya girgiza kai, da saura. Sha biyu ta ce ya fara wari kamar takalmin ɗan ƙwallo, ya ce an kusa. Ya zauna gabanta a kan bokiti yana kallon fuskarta yadda manomi ke kallon hadari. Ƙarfe biyu da rabi ta kurɓa, idanunta suka kawo ruwa, ta feso shi har kan kaza, ta zagi randar, ta zagi wanda ya gina ta, ta haɗa da dangin mijinta na wajen uwa ɗaya bayan ɗaya.

"Kawo rariya, tsohuwa," in ji shi. "Ya yi."

Ranar Juma'a aka fito da mutum-mutumin San Isidro aka zaga da shi, bayansa kawuna sittin da wani abu suna walƙiya a rana. Aka buɗe randuna a harabar coci. 'Yan unguwa suna sha suna hura baki, ba wanda ya san me yake sha. Baƙin da suka zo daga ƙauyuka da harsunansu lafiya su ne suka yi ta komawa layi, kafin a fara kiɗa an kai ga kankare gindin randa ta uku. Don Gumaro ya sha kofi ɗaya don ya samu abin kushewa, aka gan shi daga baya a bayan motar 'yan kiɗa da na biyu. Da yamma kwamiti ya zauna ya ba Don Melitón gurbin, tare da roƙon cewa baɗi a tura wa unguwar ƙetaren kogi takardar gayyatar aski.

Bayan wata guda, da gashina ya tsiro, don ni ma na ci rabina ranar Talatar nan, na je na zauna a kujerarsa. Na gaya masa na rubuta tarihinsa, na miƙe da ƙyallen a wuyana na rera masa kirarin nan tun daga zaki har uban randuna. Na ce duk garin sun shaida ba a taɓa yin tepache irin na bana ba, ya faɗa wa 'yan baya yadda ya ji a ransa.

"Ni ban ɗanɗana ba," in ji shi. "Sunkuyar da kanka."