Ranar da Na Zauna a Bencin Baya

Ko zan manta ranar da aka naɗa ni fasto, ba zan taɓa manta wata Lahadi da na yi a wani coci da ke Madaki, cikin garin Gombe ba. Shekaru sun shuɗe, furfura ta fara leƙo mini, amma har yau in na tuna ranar nan, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na ji kamar in rufe fuskata.

A lokacin ina ɗalibi a makarantar koyon aikin fasto. Al'adar makarantar ce, in an yi dogon hutu ba a barin mutum ya tafi gida ya miƙe ƙafa. Sai a tura shi wani coci ya zauna ƙarƙashin babban fasto, ya koyi ziyarar marasa lafiya, da koyar da masu shirin baftisma, da wa'azi in an ba shi dama. Ni aka tura ni Madaki. Ɗan ƙauye ne ni daga kudancin Gombe, ban taɓa yin sujada a cocin birni ba, amma kaina cike yake da karatu. Gani nake in aka ba ni bagade, wato wurin tsayawar mai wa'azi, na ɗan lokaci, rabin garin zai tuba.

Kafin hutun malaminmu ya yi mana darasi a kan tawali'u. Ya ce in an gayyace ka taro kada ka nufi kujerar gaba, ka zauna a baya, in mai gida ya ga dama ya ce ka matso. Na riƙe darasin nan gam, sai dai gaskiya wurin "matso" ɗin ne ya fi kwanta mini a rai. Baba Fasto, babban faston cocin, ya ce in same shi a ofis kafin sujada mu shiga tare, amma ni na riga na shirya nawa. Zan lallaɓa in zauna can baya, a yi ta nemana, in an gan ni jama'a su ce kai, wannan yaro akwai sauƙin kai.

Na sha kwat da baƙin wando mai guga kamar wuƙa, na shiga. A can ƙarshe, kusa da ƙofa, na ga wani benci da aka ɗan ware shi daga sauran, mutum ɗaya ne kawai a kansa. Na ce yauwa, baya ba ta wuce nan. Abin da ban sani ba, wannan shi ne bencin masu horo, wato waɗanda dattawan ikilisiya suka dakatar saboda wani laifi, ba sa cin Jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki da ake rabawa a coci, ba sa riƙe wani aiki, har sai an ga tubansu. A ƙauyenmu ma ana horo, amma a waje suke zama gindin taga, shi ya sa ko kaɗan abin bai zo mini a rai ba.

Mutumin zai girme ni nesa ba kusa ba. Rigarsa fes, amma faratansa baƙi ƙirin da man inji, daga baya na ji makaniki ne a unguwar Bolari. Ya dube ni da mamaki, sannan ya matsa mini da sauri har yana murmushi. "Sannu da zuwa, ƙanena," in ji shi. Na lura matan zumunta, ƙungiyar matan coci, suna waiwaye suna taɓa juna, ni kuwa na ƙara sunkuyar da kai, ina cewa a raina tawali'u ya fara aiki.

Da aka tashi waƙa, ya ga ba ni da littafin waƙoƙi, sai ya miƙo nasa, ya riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya. Muryarsa mai kauri ce, mai daɗi, yana rerawa da dukan ƙirjinsa. Muna zama sai ya matso kusa da kunnena.

"Kada ka damu, makon farko ne mai zafi," ya ce. "Ni giya ce ta kawo ni nan. Na daina, Allah ne shaida, amma dattawa sun ce a ƙara dubana. Watanni ke nan ina zaune ni kaɗai kamar mai cutar da ake gudu. Yau da safe har na ce wa matata daga wannan ba zan sake zuwa ba. Sai ga shi Allah ya kawo mini abokin zama. Kai kuma me ka yi?"

 Kafin in amsa, sai na ji sakataren coci yana sanarwa cewa an turo musu ɗalibi daga makarantar fastoci, zai yi hutu tare da su, in yana nan ya miƙe a gan shi. Na miƙe. Coci gaba ɗaya ya juyo. Sai wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Tun bai fara ba?" Samarin ƙungiyar mawaƙa suka tuntsire da dariya.

Da na yi shiru na taka zuwa gaba, da abin ya tsaya a kuskuren baƙo, a yi dariya a manta. Amma kunya ta rufe mini ido, ba abin da nake gani sai sunana yana zubewa. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ni baƙo ne, ban san bencin masu horo ba ne! Ni ban yi komai ba!" Sannan, ban san lokacin da hannuna ya kai baya ba, na kakkaɓe wandona, na kuma sake kakkaɓewa. Dariya ta ƙaru, har da masu tafi. Na wuce gaba aka ba ni kujera kusa da Baba Fasto, abin da na zo nema ke nan tun farko.

Daga kan kujerar nan ana hango har ƙofa. Na ga mutumin ya rufe littafinsa, ya ɗora a cinya, kansa a ƙasa. Da aka tashi waƙar ƙarshe bai buɗe baki ba. Kafin a sa albarka, bencin ya zama wayam.

Bayan sujada kowa ya zo yana tsokanata, ni ma ina taya su dariya, ina jin na tsallake rijiya da baya. Baba Fasto ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"Malam, me ka kakkaɓe a wandonka?"

"Baba, ƙura ce," na ce.

"Matan zumunta suna goge bencin nan kowace Asabar, kamar sauran." Ya kafa mini ido. "Mun ajiye mutumin nan a can ne don ya dawo, ba don ya tafi ba. Ni kaina duk watannin nan ban taɓa zuwa na zauna kusa da shi ba, wannan nawa laifin ne. Kai ka yi abin da ya kamata bisa kuskure, sannan ka ɓata shi da bakinka. Gobe ka tafi Bolari."

Na tafi. Na same shi kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na durƙusa na yi ta jero ban haƙuri irin na ɗan makaranta, har da ayoyi. Bai fito ba. Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Ba komai, Malam. Ai gaskiya ka faɗa, ba ka yi komai ba. Ni ne na yi." Na koma sau da dama, kullum ya amsa gaisuwa cikin mutunci, ya ci gaba da aikinsa. Kafin hutuna ya ƙare dattawa suka zauna suka ɗage masa horon, amma babu wanda za a tsayar a gaban ikilisiya a karɓa, domin bai sake zuwa coci ba. Ni kuwa na koma makaranta da kyakkyawar shaida, aka ce na iya wa'azi.

Bayan shekaru, ina fasto a wani ƙaramin coci a Tumfure, sai motata ta mutu a Bolari ina hanyar zuwa ɗaurin aure. Masu keke suka taya ni tura ta gareji mafi kusa. Mai garejin ya fito yana goge hannu, gashinsa ya yi fari, amma muryar nan ta bencin baya ba ta canza ba. Ya gane ni kafin in gane shi. Ya jawo wani benci daga inuwa, ya sa tsumma ya goge shi a hankali tun daga wannan ƙarshe har wancan.

"Zauna, Fasto," ya ce yana dariya. "Na goge maka, ba sai ka kakkaɓe ba."

Babu ƙiyayya a muryarsa, tsokana ce kawai, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Na zauna, na yi ƙarfin hali na tambaye shi inda yake sujada yanzu. Ya buɗe gaban motar ya leƙa ciki. "Matata da yara suna zuwa," ya ce. "Ni ina yi wa Allah waƙata a nan, yana ji. Giya kam ban sake taɓa ta ba."

Tsumman da ya goge bencin da shi na aiki ne, don haka da na tashi, farar rigata duk ta yi baƙin mai a baya. Haka na tafi ɗaurin auren da ita, mutane suna nuna mini, ina cewa na sani.

A cocinmu yanzu ana horo, domin ikilisiya ba ta zama babu tsawatarwa, amma na roƙi dattawa kada mai horo ya taɓa zama shi kaɗai. In babu wanda zai zauna da shi, ni nake zama har lokacin wa'azi ya yi. Ɗaliban da ake turo mini kuwa, ranar farko nake ba su labarin nan, ba na rage komai. A makaranta an koya mini yadda ake hawa bagade, an kuma koya mini zama a baya. Abin da na koya a Madaki, kuma wani bawan Allah ne ya biya kuɗin karatun da kujerarsa a coci, shi ne makiyayin da yake tsoron a ɗauka shi ma mai zunubi ne bai isa ya riƙe wa kowa gefen littafi ba.