Ƙulli Na Bakwai

Ƙarfe shida da minti arba'in na safe, masu nono ba su shigo gari ba. Daga nan abin ya fara. Na san lokacin domin agogon Baba yana hannuna. Tun da na dawo hutu daga lise, makarantar sakandarenmu a Tanut, ya ɗaura mini shi.

Ban da wannan, safiya ce kamar kowace. Gero ya fi tsawon mutum. Inna tana dama kunu. Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune a rana da carbi, don idonta ya daina gani sosai. Ni ina ƙofar ɗaki da littafin tarihi. Baba yana tsaye a bakin darni, yana kallon hanyar arewa, inda matan ruga suke ɓullowa da ƙwaryar nono kullum ƙarfe shida da rabi.

Baba tsohon soja ne. Yawancin aikinsa a kan ruwa ya yi shi, cikin kwale-kwalen soja masu inji a Tafkin Chadi. Da aka sallame shi ya dawo Damargu, inda ruwa yake can ƙasan rijiya, sai an ja da jaki. Watanni ya yi ba ya iya barci a gado, wai ƙasa ta cika tsayawa cak. Idan iska ta kaɗa gero sai ya tsaya ya yi ta kallo, ya ce ga tafki nan. Mutanen gari suka laƙaba masa Sarkin Ruwa, suna dariya. Amma igiyar gugan kowa shi ke ɗaure ta, don ƙullinsa ba ya kwancewa.

Igiya ɗaya ya ware, ya yi mata ƙulli bakwai, kowa da nasa a gidanmu. Ya ce a tafki, idan suka sauka cikin ciyawar da ta fi su tsawo, haka suke tafiya. Ba magana, ba waiwaye. Na gaba ba ya ɗaga ƙafa sai na ƙarshe ya ja igiya sau biyu, a miƙa jan daga hannu zuwa hannu. Ma'anarsa kowa ya cika. Ni ce ta gaba, don ya ce ba na gaggawa kuma ba na mantuwa. Bayana ƙannena uku, sai Inna, sai Kaka. Ƙulli na bakwai nasa ne.

Kowace Juma'a da safe yakan busa usur sau uku, mu kama igiya mu shiga gonar bayan gida. Maƙwabciyarmu Gwaggo Zinaru, wadda mijinta ya rasu kuma ba ta da kowa a gida, takan leƙo ta kan darni ta ce, "Sarkin Ruwa, yau ma jirgin naka a cikin gero zai nutse?" Ita ta fi kowa dariya.

Ƙarfe bakwai da minti huɗu muka ji babura daga arewa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Minti biyu bayan haka aka yi harbi na farko. Kaji suka watse. Baba ya busa usur sau uku.

"Igiya!"

Na ajiye littafi a buɗe. Na kama ƙulli na farko, na kutsa cikin gero taku goma sha biyu, na tsaya kamar yadda aka koya mini. Ganye ya rufe bayana. Ranar Juma'a jan yakan zo kafin in ƙirga arba'in. Ranar nan na ƙirga ɗari da goma. Ina jin ihu daga wajen masallaci. Ina jin ƙanwata tana numfashi da baki. Ban ɗaga ƙafa ba.

Sai jan ya zo. Biyu, masu ƙarfi. Na tafi.

Gabas muka nufa, a sunkuye. Raɓa ta jiƙa mana tufafi, ganyen gero yana yankar fuska. Ƙarfe bakwai da kwata na ji babura sun zagayo bayan gidaje, sun kusa bakin gona. Wani ya yi tsawa.

"Ku shiga geron!"

A daidai lokacin usur ya tashi. Dogo ɗaya, gajeru biyu. Daga yamma, wajen rijiya, nesa da mu. Na tsaya. Na san wannan usur. Amma igiya ta sake ja sau biyu daga baya, sai na gaya wa kaina cewa sauti yana ruɗin kunne a cikin gero. Na ci gaba. Baburan suka juya, ƙararsu ta koma yamma.

Usur ya yi ta tashi, harbi yana bin sa. Ƙarfe bakwai da minti talatin da ɗaya ya daina. Na duba agogo ba tare da na san dalili ba.

Sau huɗu na tsaya don Kaka ta huta. Sau huɗu jan ya zo.

Ƙarfe tara da rabi gonaki suka ƙare, muka gangara cikin korama busasshiya. Nan na juya na ƙirga fuskoki. Ƙannena uku. Inna. Kaka. A ƙulli na bakwai Gwaggo Zinaru ce, takalmi ɗaya a ƙafarta, igiya ta saɓule mata tafin hannu.

Na tambaye ta ina Baba. Ta kalli ƙasa. Na saki ƙullina na fara hawan gaɓar korama. Inna ta cafke zanena. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Gaba, Hasiya! Gaba!"

Na koma na kama igiya. Muka bi korama har azahar. Muka sha ruwan wani ɗan tabki, ja kamar ƙasa. Da ƙafar Kaka ta gaza, ni da Inna muka riƙa goya ta bi da bi. Bayan la'asar muka shiga Belbeji, aka sauke mu a farfajiyar wata makaranta.

Washegari jami'an tsaro na jandarma suka raka maza zuwa garinmu. Mutum huɗu aka binne, ban da na ruga, waɗanda aka fara kai wa hari tun da asuba. An kora shanu da raƙuma. An ƙone rumbuna. Baba a bakin rijiya aka sami gawarsa, usur a wuyansa. Wani dattijo da ya ɓuya a kusa ya ce bayan kwamin shayar da dabbobi Baba ya kwanta, yana busa, yana ba da umarni da Faransanci ga sojojin da babu su. Ko sanda ba ta hannunsa. Maharan sun ɗauka soja ne suka iso, shi ya sa suka bar gonaki. A cikin geron nan ba mu kaɗai ba ne, rabin gari yana ciki.

Duk da haka na ji da kunnena, a wurin zaman makoki, wani yana cewa daman tun da ya dawo daga tafki kansa bai zauna daidai ba. Don wannan mutumin nake rubutu. Matarsa da 'ya'yansa suna cikin geron ranar.

Bayan kwana goma sha ɗaya muka koma. An ce mu zauna a Belbeji, muka ƙi. Geron da ya ɓoye mu, mu muka girbe shi. Usur yana wuyana yanzu. Idan ina gida nakan busa shi kowace Juma'a. Gida tara sun kawo igiya na ƙulla musu.

Abu ɗaya ya hana ni sakat. Ni ce mai ƙirga, kuma na tafi da igiya babu shi. Na ji usur daga yamma ban koma ba. Sau uku na tambayi Gwaggo Zinaru yadda aka yi ta kama ƙullinsa. Sau uku ta ja mayafi ta shige ɗaki.

Ranar sadakar arba'in, bayan mata sun watse, ta same ni ina wanke ƙwarya. Ta tsuguna kusa da ni, ta buɗe tafin hannunta. Tabon igiya yana nan. Ban sake tambaya ba, ita ta fara.

"Ta kan darni ya ɗago ni, 'yata. Ya danƙa mini ƙullin, ya ce, 'Zinaru, ja sau biyu. Duk inda aka tsaya, ki sake. Ki ja da ƙarfi irin nawa. Hasiya ba ta kuskuren ƙirga. In ta gane ba ni ba ne, ba za ta ɗaga ƙafa ba.'"