Ranar da Na Je Kiran Mijina a Dajin Tama

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har jikokina sai na kira sunan wannan da na wancan kafin in dace da wanda nake nema. Amma ranar da na je dajin tama kiran mijina, ita kam ba na jin za ta bar ni sai an rufe ni da ƙasa.

Lokacin Nasara bai shigo ƙasar nan ba. Muna wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi, ni kuwa sabuwar shiga ce a gidan maƙera, ko haihuwar fari ban yi ba. A zamanin ba a tsintar ƙarfe a kasuwa, daga ƙasa ake fid da shi. Idan rani ya yi nisa sai maƙera su shiga daji, su haƙo jan dutsen da ake kira tama, su gina murhun yumɓu mai tsayin mutum, su dafa dutsen da gawayin ƙirya har ya saki ƙarfe. Da shi ake ƙera wa kowa hauyar noma kafin ruwa ya sauka.

Aikin yana da dokarsa. Mace ba ta zuwa kusa, ko muryarta ba a so murhun ya ji. Wanda ya kunna wutar kuma ba ya barinta sai ƙarfe ya fito, in ya bari an ce tama ta mutu. A shekarar mijina ne ya kunna, karonsa na farko.

Suna can sai ciwon surukata ya tashi. Tsohuwa ce mai faɗa, amma ita ta koya mini komai na gidan, kuma ina sonta. Da safe ta riƙe hannuna ta ce, "Tahi ki kira mini shi." Mazan gidan duk suna daji, sai na ɗaura zane na kama hanya.

Rana ta take na hango hayaƙi. Na tsaya gindin wani gawo, inda nake ganinsu amma ban ƙetare iyaka ba. Ƙanen mahaifin mijina, wanda shi ne babba a wurin, ya taso ya same ni.

"Ɗiyata, mi ya kawo ki nan?"

"Baba, Inna ce. Jikin ya yi tsanani, tana kiran shi."

Sai ya ce, "In ya tashi yanzu, bana ba mai sabuwar hauya garinmu. Amma uwa tai ce. Bakinki naki ne, ni ba ni ruhe miki shi." Ya juya ya koma.

Sai ga mijina ya ɗago daga zuga-zugi ya gan ni. Ya san matar maƙeri ba ta zuwa nan don gaisuwa. Har yau ina ganinsa, baƙi ƙirin da gawayi, gumi na bin ƙirjinsa, yana jira in yi magana. Kira ɗaya ya isa. Na buɗe baki, na tuna gonakin mutane, na tuna hannun Inna a cikin nawa, sai kawai na zauna a kan yashi. Shi ma ya sunkuya ya ci gaba da zuga. Ban taɓa jin zama mai nauyi irin wannan ba.

Da la'asar sakaliya suka fasa murhun, ƙarfe ya fito. Ko kallonsa bai tsaya yi ba, ya zo ya wuce gaba ina bin sa. A bakin gari muka haɗu da dattawa suna dawowa daga maƙabarta.

Yayarsa ce ta tare mu a tsakar gida. Ta ce, "Bayan hitarki ta yi ta tambaya ko wutar na ci. Can sai ta ce, ku bi yarinyar nan ku maido ta, kada ta tada mini ɗa daga kan wuta. To, wa zai cim miki?"

Mijina ya zauna a ƙofar ɗakinta ya yi kuka irin na yara. Har ya bar duniya bai taɓa tambayata dalilin shiruna ba, ni ma ban tambaye shi nasa ba.

Yanzu ba mai dafa tama. Maƙeran yau gutsuren mota suke sara, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ina kewar mutumin nan, ina kewar mutanen da suka iya haƙuri irin wannan. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba a riƙe abin da jama'a ke ci da shi sai wani ya rasa nasa. Tuwon da garinmu ya ci a waccan shekara, mijina ya biya shi da ganin uwarsa na ƙarshe.