Ƙafar Gauraka

Mijin yayata kafinta ne, amma ban taɓa ganin ya ƙera gado ko kujera ba. Ƙafafu yake ƙerawa. Yana da ɗan ɗaki a bayan asibitin mishan, tsakanin ɗakin wanki da shingen waya, kuma duk wanda likita ya yanke wa ƙafa, da zarar dungun ya warke can ake kai shi. Shi ya sa kowa ke kiransa Mai Ƙafafu. Har yanzu ina jin ƙamshin ɗakin nan a hancina, na icce da na fata. Ƙafafun suna rataye a jere jikin bango, wasu da takalmi, wasu babu, in iska ta shigo ta taga sai su riƙa lilo a hankali kamar masu shirin tashi.

A lokacin ina koyarwa a makaranta, nakan biya ta wurinsa in an tashi. Da ya hango ni sai ya ce, "Ticha, kawo naka in sake maka. Waɗannan tsinkayen ba za su kai ka tsufa ba."

Ni kuma in ce, "Ka fara gyara kanka, shi ya fi lalacewa."

Bayan shingen wayar fadama ce, faɗinta ya fi ƙarfin ido. Daga nesa kore ce shar, mutum ya ɗauka zai taka ya wuce. Amma a ƙarƙashin ciyawar akwai taɓon da ya sha haɗiye shanu. Tsuntsaye ne kawai masu wurin. Kajin ruwa suna tafiya a kan ganyen bado, zalɓe yana tsaye kamar an dasa shi, gauraki kuwa su sauko da safe bibbiyu, da tukkunsu mai ruwan zinariya, suna wannan kuka nasu mai kama da ƙaho.

Wata damina masu wanki suka tsinci gauraka a tarkon waya, ƙafarsa ɗaya fata ce kawai ta riƙe ta. Suka ce a yanka kafin ya mutu a banza. Yaya tana wurin, ta kawo wa mijinta abinci. Ba ta yi gardama da kowa ba, ta rufa wa tsuntsun mayafinta a kai, ta rungume shi ta kai ɗakin ƙafafu.

Ya dube ta, ya dubi tsuntsun. "Yau kuma majiyyacin mai tukku ne?"

"Ba ƙafa kake yi ba? To ga mai buƙata."

Bai yi wa aikin riƙon wasa ba. Ya ƙarasa cire karyayyar ƙafar, ya jira dungun ya warke, ya auna shi da zare kamar yadda yake auna na mutane. Ya zaɓi icce mara nauyi, ya fafe shi, ya shimfiɗa fata mai laushi a ciki, ya sa maɗauri, ya liƙa ɗan zagayen robar taya a ƙasa. Ranar da gaurakan ya fara takawa a kan siminti muka ji ƙwas, sannan shiru, sannan ƙwas.

Bai koma cikin 'yan uwansa ba. Yakan yini a fadama, ya kwana a bayan gidansu Yaya, wanda yake bakin ruwan. Kuma ya koyi wani abu da sauran gauraki ba su da buƙatarsa. Ƙafar icce ba ta da yatsun da za ta baza, in ta samu taɓo mai laushi nutsewa take yi. Saboda haka sai ya taɓa ƙasa ya ji ƙarfinta kafin ya taka. Sawunsa ba ya ɓuya: yatsu uku a gefe guda, ɗan rami zagayayye kamar bakin kwalba a ɗaya gefen. Masu yankan ciyawa suka gane cewa duk inda sawun nan ya bi, mutum ma zai bi ya fita lafiya.

Shekaru suka tura. Mai Ƙafafu ya yi ritaya, ya kwaso teburinsa da kayan aikinsa ya kawo gida. Yara suka watse. Sai gigin tsufa ya kama Yaya. Ta manta sunana, wata rana ma ta tambayi mijinta ko shi ne mai gyaran rufi. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai: kullum da sassafe sai ta ce za ta fadama, wai innarmu tana can tana wanki tana jiranta. Innarmu kuwa ta rasu tun ina ɗan makaranta.

Ranar farko da ta ɓace hankalinmu ya tashi. Muna tsaye bakin ruwa muna ƙwala kira sai ga ta ta fito daga cikin ciyawa, gaurakan a gaba, ita a baya, tana sa ƙafa daidai inda ya ɗauke tasa. Ruwa bai wuce mata idon sawu ba. Daga nan abin ya zama na kullum. Da gari ya fara haske a ji ƙwas, ƙwas a baranda, ta fito su tafi, su dawo da hantsi. Mai Ƙafafu ya daina rufe ƙofa.

Wata safiya aka tarar da gaurakan kwance a baranda, ya sandare. Tsufa ne, ba wani abu ba. Mai Ƙafafu ya binne shi a gindin bishiya bakin ruwa. Ƙafar ya kwance ta, ya wanke, ya shafa mata mai, ya rataye a ƙusa bisa teburinsa. Ya koma kulle ƙofa. Yaya ta riƙa dukanta tana kuka har hannuwanta suka kumbura. Da abin ya ishe shi, wata safiya ya buɗe da niyyar ya bi ta a baya, amma kafin ya sa takalmi ta shige cikin tururin da ke tashi daga ruwa. Da hantsi ta dawo, ruwa iya idon sawu.

Ya aiko aka kira ni. Bai yi mini wasa ba ranar. Ya nuna mini ƙusar kawai. Ƙafar tana rataye inda ya bar ta, amma robar da ɗanyen taɓo, har yana ɗiga a kan tebur.

Ni mutum ne da aka koya wa aunawa kafin magana. Na ɗauki ƙafar muka je bakin fadama. Ga sawun Yaya, ga kuma yatsu uku da zagayayyen rami a gabansa, sabo fil, ruwa bai gama taruwa a ciki ba. Na sa bakin robar a ramin. Ya zauna daidai.

"Ticha, me littattafanku suka ce?"

"Ba su zo nan ba," na ce.

"To mu yi shiru, tunda tana dawowa."

Muka yi shiru har Auta ta zo hutu. Ita ce ƙaramar 'yarsu, nas ce a birni, mai son uwarta da zafin zuciya. Da ta ji labari sai ta ɗora hannu a ka.

"Kawu, har da kai? Ku sakar mini uwa cikin taɓo, wai mataccen tsuntsu yana mata jagora? Ashe gigin ba ita kaɗai ya kama ba!"

Da yamma, ba ta gaya wa kowa ba, ta sauke ƙafar ta cusa a murhu. Ta kulle ƙofar gaba ta riƙe makulli. Ta manta da ta kicin.

Ranar an yini ana ruwa, fadama ta cika ta batse. Da gari ya waye Yaya ba ta cikin gida. Sawunta muka gani shi kaɗai, ya miƙe sak zuwa wajen da ko masu yankan ciyawa ba sa zuwa. Maƙwabta suka shiga da dogayen sanduna, taɓo ya kai musu ƙugu, suka dawo. Abin da ya fi tsorata ni shirun ne. Fadamar da ba ta rabo da hayaniya, ranar ko kazar ruwa ɗaya ba ta yi kuka ba. Gauraki suna tsaye can nesa a jere, duk sun fuskanci gidan.

Mai Ƙafafu ya ga ƙusa babu komai, ya ga guntun maɗauri a cikin toka. Ya zauna a teburinsa ya jawo icce.

"Baba! Inna tana cikin ruwa kana sassaƙa?"

"Riƙe mini nan," ya ce.

Ta tsaya tana kallonsa, hawaye na zuba. Sannan ta riƙe.

Ba shi da abin aunawa, tsohuwar ƙafar ta ƙone, mai ita yana ƙasa. Da ka ya yi aikin. Rana ta take tsaka kafin ya gama. Ya kai sabuwar ƙafar gindin bishiyar ya ajiye a kan tudun kabarin, maɗaurin a buɗe, ya ce mu koma baranda mu ba ta baya. Muka zauna mu uku muna kallon bango. Ba wanda ya waiwaya.

Can sai kazar ruwa ta yi kuka, wata ta amsa. Aka jima. Sai muka ji ƙwas a kan simintin da ke bayanmu, aka ɗan ja fiye da yadda muka saba, sannan ƙwas.

Da muka juya, Yaya ce tsaye, taɓo har ƙirji, tana haki. Sabuwar ƙafar tana yashe kusa da ita, jiƙe sharkaf. Auta ta rungume ta tana kuka, amma ita Yaya mijinta take harara, kuma ranar ta gane shi sarai.

"Wane irin aiki ne wannan? Ka yi masa tsawo. Duk hanya yana ɗingishi, sai da na riƙa jiransa."

Ya ɗauki ƙafar ya juya ta a hannu. "Gaskiyarki," ya ce. Ya ɗauko zarto ya rage mata kaurin yatsa, ya mayar da robar. Auta ce ta karɓa ta goge taɓon, ta hau kujera ta rataye ta a ƙusar da hannunta.

Yaya a kan gadonta ta rasu, ƙafafunta a bushe. Shi kuma bai daɗe a bayanta ba. Ƙafar tana nan a ƙusarta, ƙura ta rufe ta, kuma Auta ta hana kowa saukewa.